Ranar da aka nemi yardar Baba kafin a yanke ƙafarsa

Yau ina share ɗakin marigayi Baba a unguwar Kalley, sai ga ƙafarsa ta katako, har yanzu da takalmin soja a jiki.

Shekarun fari ne, soja na mulki. Jini ya daina isa ƙafarsa, yatsun suka yi baƙi. A asibiti, lokotoro ya ce sai an yanke ƙasa da gwiwa, kuma suna gwada hanyoyi biyu na ɗinke dungun, su ga wadda ta fi warkewa.

Lokotoron ya tambaye shi, "Baba, kun yarda a sa ku cikin binciken?"

Baba ya miƙe wuya kamar a fareti. "Oda ce?"

"A'a. In kun ƙi, za mu yi yadda aka saba."

Baba ya ce, "Tun da na sa kaki, ba wanda ya taɓa tambayata ko na yarda. Na yarda. Gwiwar dai ku bar mini, da ita nake sujada."

Har ya rasu, bai taɓa sallah a kujera ba.

Ku fa, an taɓa girmama tsohonku da tambaya ɗaya haka?