Kubura da kwalaben "Wannan"

A Yalwawa an ce Kubura tana tatsar jinin yara ta sayar wa Turawa, su kuma su rina jar dara da shi. Wata tsohuwa ta rantse ta ga hular tana numfashi.

Ƙarya ne. Ni ɗan kawunta ne, da gaskiya ne da ni zan fara yaɗawa. Jinin da take ɗiba bai cika cokalin shayi ba. A 1998 aka ɗauke ta aikin gwajin maganin zazzaɓin cizon sauro a wani asibiti a Dutse. Ta soki yaro, ta ɗura a kwalba, ta juya a inji, ta jera cikin ƙanƙara. Hannunta kuwa, sauro ma gare ta ya koyi sana'a.

Aibinta ɗaya: a gindin kowace kwalba sai ta rubuta zanen uwar yaro, "mai kifi", "mai agogo". Likitan, baƙo daga kudu, ya ce nan ba kasuwar atamfa ba ce, in ta sake yi ta bar aikin.

Ranar da wasu mata daga Jahun suka kawo yara, shi ya zauna rubuta sunaye. Ya tambayi wata sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan." Ɗan fari ne, wace uwa ce za ta kama sunansa? Bawan Allah ya rubuta Wannan. Kafin azahar Wannan uku ne a kwalba.

Aka duba, jinin Wannan ɗaya ya kusa ƙarewa, in ba a ƙara masa yau ba sai dai Allah. Mata kuwa sun tafi tasha. Likita ya riƙe kai.

Kubura ba ta daina rubutun gindin kwalba ba, ta kuma san in ta kifa kwalbar, aikinta na iya tafiya. Ta kifa ta a gabansa. "Mai kifi."

Ta hau acaɓa, ta sauko da mai kifi daga motar Jahun. Maƙwabciyar matar ce ta faɗi sunan: Sagiru. Kubura ta aiko aka kamo ni in ba da jini. Sagiru ya tashi, likita ya koma tambayar sunayen atamfa.

Rannan na ce mata, "Mayya, nawa ake sayen kwalba?"

Ta ce, "Taka ko kyauta ba a karɓa ba. Ka suma allura tana cikin leda, sai jinin direban motar Jahun aka ɗiba."