Malama Lubabatu da Turancin talakawa

Kullum bayan la'asar, idan ta tashi daga makarantar da take koyarwa a unguwar Bagdadiyya, nan ƙasar Larabawa, Malama Lubabatu ba ta wucewa gida. Unguwar Madain Fahd take nufa, ta shimfiɗa tabarma a wani ɗaki bayan shagon tela, yaran da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda babu makarantar da za ta karɓe su, su zagaye ta.

Tsofaffin labaran Amurka take karanta musu, na manoman da fari ya kora da leburori masu yawon neman aiki. Takan ce marubutan ba su gyara bakin talakawan nan ba, yadda suke magana a gona haka aka rubuta, shi ya sa ciwonsu yake isowa har nan. Ita ma ba ta fassarawa da Larabcin littafi, sai da harshen gidajenmu, Hausa cakuɗe da Larabcin titi, wanda yaranmu ke jin kunyarsa.

'Yata Tahani tana cikinsu. Tun da aka kama mahaifiyarta aka mayar da ita Najeriya, yarinyar ta daina magana, sai e da a'a.

Zaharadden tela ne ya ba ni labari. Ran nan karatu ya kai kan wata uwa tana sallamar ɗanta. Malama ta ce, "A jarrabawa wannan Turancin kuskure ne. Amma ku ji abin da take faɗi: Yalla, ɗan nan, tafi. Kar ka juyo, in ka juyo ba zan iya ba."

Tahani ta ce, "Umma ma ba ta juyo ba." Ta kifa kai a cinyar malama tana kuka, malama ta rufe littafin.

Da na dawo daga dako a tashar jiragen ruwa, Tahani ta tare ni a ƙofa. "Abba, ka ci abinci kuwa? Wallahi ka rame."

Malama, ke ce kika maido mini da muryar 'yata, ba ki karɓi ko ruwan sha ba. Allah Ya saka miki.

Yanzu kafili, mutumin da ya tsaya wa malama take zama a ƙasar nan, ya ƙi sabunta mata takardu, ƙarshen wata za ta tafi. Na bi masu ilimin da na sani ko wani zai ci gaba da karatun yaran, kowa yana tsoron abin da zai taɓa iƙamarsa. Ban ga laifinsu ba, ni ma a ɓoye nake tafiya. Amma ina roƙo, ko mutum ɗaya ya zauna a tabarmar nan.

Jiya na gaya wa Tahani malama za ta tafi. Ta dube ni, ta ce to. Har yanzu ba ta ƙara cewa komai ba.