Takalmin da Basilla Ya Ɗinka wa Kansa

Shekara talatin da ɗoriya Basilla yana ɗinkin takalma a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, gefen mai gyaran agogo. Siffarsa ce ta jawo masa sunan: siriri, dogo, ga baki mai huda mutum. In ka shigo kana ɗingishi, kafin ka gama sallama ya gaya maka inda takalminka ke cizonka, ya haɗa da zagin wanda ya ɗinka shi. A wurinsa ƙafa ba ta laifi. Laifi na takalmi ne, maganinsa kuma yana hannunsa.

Matarsa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya ɗaya. Da zare da fata ya yi mata karatu har ta zama malamar makaranta. Ita kaɗai ce in ta ɗaga murya yake sauke tasa.

Yana da hamsin da takwas aka ce yana da sankarar jini. Kowa ya sare, har mai agogo ya fara yi masa magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Sai likita ta ɗora shi kan wasu ƙwayoyi masu farautar cutar a cikin jini. Wata shida ya murmure, ya dawo da faɗansa cif.

Likitar dai ta ja masa kunne. "Baba, maganin nan yana aiki, amma wasu yakan tsuke musu jijiyoyin jini, musamman na ƙafa. In ka ji ciwo wajen tafiya, ko ƙafa ta yi sanyi, ka gaya mini."

Ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa ƙafa?

A shekara ta uku da fara maganin, sharaɓarsa ta hagu ta fara ɗaurewa. Tsakanin gida da shago sai ya tsaya sau biyu, yana duba waya kamar ana nemansa. Ya ce duddugen takalmin ne ya yi tudu, ya rage shi. Ƙafar ta fara sanyi ko da rana tsaka, ya ɗinka wani takalmin ya shimfiɗa masa ulu a ciki. Wani ɗan miki ya fito a babban yatsa ya ƙi warkewa. Nan ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa ba: fata mai laushi, soso hawa uku, da ɗan rami daidai yatsan don kada komai ya taɓa shi, daga waje kuma ba ka ganin komai. Da shi yake shiga asibiti kowane wata yana taku kamar ango.

Ba jahilci ne kawai ba, a faɗi gaskiya. Tsoro ne. Gani yake ranar da ya ambaci ƙafa, ranar za a ƙwace ƙwayoyin da suka dawo da shi daga bakin kabari. Duk wata 'yarsa ta tambaya, "Baba, ka gaya wa likita tsayawar nan da kake yi a hanya?" Duk wata ya ce ya gaya wa likitar, wai ta ce tsufa ne.

Wata rana aka tashi makaranta da wuri, 'yarsa ta biyo ta shago. Ta same shi ya tsoma ƙafa a robar ruwan zafi. Ya yi wuf zai rufe da tsumma, amma wari ya riga shi. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin.

A asibiti likitar ta danna bayan ƙafar da yatsunta tana neman bugun jini, ta daɗe, ba ta samu ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Sati biyu."

'Yarsa ta dube shi.

"Wata bakwai," ya gyara, murya ƙasa-ƙasa.

Likitar ta ce yatsun biyu sun tafi, za a cire su, za a kuma yi ƙoƙarin buɗe jijiyar ko a ceci sauran ƙafar. "Akwai wani maganin da za mu mayar da kai kansa. Da ka faɗa tun farko, canji kawai za mu yi."

Kunya ta rufe shi har wuya. Wata bakwai yana yi wa 'yarsa ƙarya don tsoron abin da ba zai faru ba.

Likitar ta sunkuya ta ɗauki takalmin, ta zura hannu ciki, ta taɓa soson da ramin, ta girgiza kai.

"Shi ya sa ban taɓa ganin kana ɗingishi ba. Wanda ya yi wannan ya san ƙafa sosai, ya ci a ce ya turo ka wurinmu. Wa ya ɗinka maka?"

Basilla ya dubi bango. 'Yarsa tana tsaye a kansa, tana jin warin gam ɗin da ke hannunsa.

"Saya na yi," ya ce.