Kwalbar da Umma ta jiƙa wa Inna

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu, na shigo da wata 'yar kwalba gidanmu a Haɗejiya. Da na san abin da za ta jawo, da na bar ta ta lalace a makaranta.

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba. A ƙasanta akwai wani farin gari da sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Furotin ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, irin wanda ke jikin ƙwayoyin jijiyar mutum, mai karɓar saƙon da ke sa jijiya ta girma. Idan ya birkice sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa, daga nan wani nau'in ciwon daji ke tashi. Abin da nake bincike ke nan. Malamina ya sha wahala kafin a turo mana shi daga waje, ga shi ba ya son zafi ko kaɗan. Isowarsa ke da wuya aka shiga yajin aiki, aka kashe janareta. Sai na sa shi a kula cikin ƙanƙara, na kawo shi firizar mahaifiyata mai aiki da sola, na tura shi ƙarƙashin ƙullin zoɓo da kifin Kirikasamma.

A lokacin Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana kwance a ɗakin Umma da ciwon daji na mama. An sallamo ta daga asibiti a Kano, an ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

Da Umma ta tambaye ni mece ce wannan kwalba, maimakon in ce kayan makaranta ne in ja bakina, sai 'yar boko ta gyara zama ta hau lacca. A duk surutun da na zuba, kalma biyu kawai ta ɗauka.

"Ciwon daji kika ce?"

"Umma, ba magani ba ne. Nazarin ciwon ake yi da shi. A jikinsa ma an rubuta ba na mutane ba ne."

"To na wa ne, in ba na mutane ba?" Ta rage murya don kar Inna ta ji. "Ke 'yar nan, matar da ta goye ki ce fa a kwance."

Na yi bayani har na gaji. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kaugama wajen kawunnina, wai na samo maganin daji daga Turai na hana uwata Inna. Masu zuwa dubiya suka koma amsa gaisuwata ciki-ciki. Inna ba ta taɓa roƙona ba. In na shiga juya ta, kallona kawai take yi, kuma wannan kallon ya fi komai ci mini rai.

Wata safiya na je kemis karɓo mata maganin rage raɗaɗi. Ina dawowa na tarar da kwalbar a kife kan faifai, an wanke ta tas. Umma ta zuba mata zamzam, ta girgiza, ta juye a ƙoƙo kamar rubutu, ta yi bisimilla ta ba 'yar'uwarta.

"Na ɗauke miki nauyin," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "In malaminki zai yi faɗa, ki ce ni ce."

Ban yi kuka a gabanta ba. Na san garin ba zai cutar da Inna ba, ba kuma zai amfane ta ba, ciki zai narkar da shi kamar tsokar kifi. Amma ranar ta yi barci mai nauyi, saboda maganin da na karɓo, Umma kuwa ta ce aikin kwalba ne. Inna ta rasu da ruwa ya fara janyewa daga fadama. A zaman makoki, da kunnena na ji Umma tana ce wa mata, "Ya karɓe ta sosai. Da dai an ba ta da wuri."

Binciken ya rushe, na canja wani, na gama a makare. Wannan ya wuce, ba ya damuna. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne na yi karatun nan ne don irin su Inna, amma a gidanmu na zama wadda ta riƙe magani tana kallo. Na koyi cewa mai jinya ba ya jin kalmar bincike, magani kawai yake ji, kuma ban ga laifinsa ba. Duk da haka har yau abin na yi mini ɗaci.

Umma ba ta sake tayar da zancen ba. Muna waya, muna dariya. Sai dai bara da ta kwanta asibiti, ni ce ta ƙarshen jin labari. Na tambayi ƙanwata dalili, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa mini abin da Umma ta ce: "Kar a dame ta. Ita nata maganin ba na mutane ba ne."