Ƙasar Gem da Bakin Taubashi

Ni da ɗan goggona muka fara haɗa wani gem, wasan da ake yi a waya, a shekarar da muka gama karatu muka dawo Daura babu aikin yi. Shi ne ke rubuta umarnin da ke motsa komai, ni kuma ina zana duk abin da ido zai gani. Labarin gem ɗin ba shi da tsawo. Ɗan acaba ne ke ɗaukar kaya daga Daura zuwa Kongolam, yana ratsa gonaki, yana kauce wa awaki da ramuka. Babur ɗin ni na zana, bishiyoyin ni na dasa, ƙasar da ake takawa ma aikina ce.

Ɗan goggo taubashi ne, wannan kowa ya sani. Tun muna yara yana da izinin ya faɗa mini abin da ya ga dama, ya fizge mini hula a tsakiyar kasuwa, ya kira ni bawansa, ni ma in rama in na iya. Ba a fushi a wannan wasa, wanda ya ɓata rai shi ake yi wa dariya. Matsalar ita ce shi Allah ya ba shi baki, ni kuwa sai na koma gida na kwanta nake tuna amsar da ya kamata in bayar.

A gem ba a zana ƙasa taku bayan taku. Filin ya yi yawa, waya ba za ta ɗauka ba. Hoto ɗaya ake ɗauka na ƙasa mai faɗin tabarma, sai injin gem ya yi ta jera shi gefe da gefe har iyakar gani. Idan kana kan babur kusa da ƙasa ba za ka lura ba. Idan ka hau sama ka leƙo, nan asiri ke tonuwa. Nawa hoton a gonar Baba ta hanyar Zango na ɗauke shi, da rana tsaka, kuma akwai sawun jaki a gefe guda da baƙin tabo inda aka taɓa ƙona kara. Na san da su sarai. Na gaya wa taubashina ƙasar ba ta kammala ba, ta wucin gadi ce, kada ya kuskura ya ɗaga kyamarar cikin gem ɗin sama sai na gyara. Ya ce ya ji.

Sai aka shirya taron matasa masu harkar kwamfuta a wani ɗakin taro cikin gari, har da baƙo daga wani kamfani a Kaduna da ke neman gem na gida da zai tallafa. Ashe taubashina ya ƙara wani abu bai gaya mini ba. Da aka kunna majigi, maimakon a fara daga kan babur, sai kyamara ta tashi sama kamar shirwa don ta nuna faɗin duniyar da muka gina. Tun kafin ta kai ƙoli asiri ya tonu. Ga sawun jaki, ga baƙin tabo, ga sawun jaki, ga baƙin tabo, layi-layi a jere tun daga ƙasan bango har sama.

Wani daga baya ya ce, "Wannan jakin ƙafa ɗaya gare shi?" Aka fashe da dariya.

Da taubashina ya yi shiru da abin ya wuce. Amma makirufo na hannunsa, kuma bai taɓa iya barin dariya ta wuce shi ba. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, aikin bawana ne, ga shi can. Na ce ya kawo mini ƙasar Daura, sai ya je ya ɗauko ledar ɗakin amarya ya shimfiɗa."

Har baƙon sai da ya dafe ciki. Ni ma na yi dariyar yaƙe, domin ita kaɗai al'ada ta bar mini. Daga ranar yaran unguwa da ba su ma je taron ba suka koma kirana mai leda.

Baƙon ya ce gem ɗin ya burge shi, a gyara ƙasa a dawo masa. Bayan 'yan kwanaki taubashina ya same ni a ƙofar gida, yana murmushi ya ce ya samu wani a Kano da zai karɓi aikin zane, ni in huta, in ya so idan an buɗe shagon leda zai neme ni. Haka ya kore ni daga abin da muka fara tare, da wasa, a tsaye, bai ko sauka daga kan babur ba.

Na kai ƙara wurin Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai da taubashinka? Tashi ka ba ni wuri." Inna ta ce girma ya kama ni da irin wannan ƙorafi. Goggo kuwa da ta ji, dariya ta yi har da hawaye. Babu wanda ya ga cewa an raba ni da aikina, an ɓata mini suna a gaban mutumin da zai iya ɗaukata. Na ƙullaci taubashina. Ban nemi Allah ya yaye mini ba, so nake in dawo cikin gem ɗin nan da sunana, kuma in ga ranar da bakinsa zai mutu.

Akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur kusa da tasha, wanda janaretonsa ba ya hutawa. Ya ba ni benci a bayan shagonsa ina jona kwamfuta. Ya ga na wuni ina kallon yashi a allo, ya ce, "Malam, yashi bai ishe ka a waje ba?" Na ce masa wannan na musamman ne, na binne wani ne. Ya girgiza kai ya koma wurin kwastomansa.

Abu na farko da na gane shi ne ido ba ƙasa yake kamawa ba, alama yake kamawa. Duk abin da ya fita daban a hoto, shi zai yi ta dawowa yana tona maka asiri. Na goge sawun, na goge tabon, na daidaita haske ta yadda babu gefen da ya fi wani duhu. Layin ya ragu amma bai tafi ba. Damina ta faɗi, na koma gona a ranakun da hadari ya rufe rana, lokacin da dutse ko kara ba ya jefa inuwa, na ɗauko jigawa, na ɗauko jar ƙasa, na ɗauko laka ta bakin kwari da ƙasar kunya bayan noma. Na sa injin ya gauraya su ta hanyar wani hoton dabbare-dabbare mai kama da gajimare: inda fari jigawa ta fito, inda baƙi jar ƙasa, tsakani kuma su narke cikin juna.

Duk da haka idan na hau can sama sai in hango ɗan tsari yana leƙe, kamar ɗinkin da aka ɓoye a riga. Raina ya yi ta ɓaci, sau da yawa na rufe kwamfutar da ƙarfi har mai shago ya leƙo. Da na tuna yatsan nan da aka nuna ni da shi sai in sake buɗewa. Na shimfiɗa hoto ɗaya sau biyu, ɗaya ƙarami ɗaya ƙato, ta yadda iyakokinsu ba sa haɗuwa wuri guda. Na sa kowane yanki ya juya ya ɗan gusa yadda ya ga dama, bakin yankunan kuma su shige juna. Na ɗora wata babbar inuwa marar tsari a kan filin gaba ɗaya, nan ya ɗan yi duhu can ya ɗan yi haske. Daga nesa kuma na sa ƙananan tsakuwa su ɓace, launi kawai ya rage. A ƙarshe na dawo da sawun jakin, amma da hannu na ajiye shi, nan da can, tare da guntayen kara da kashin awaki da sawun taya, inda ya dace.

Ranar da na ɗaga kyamara na nemi layi na rasa, ban yi murna ba. Haƙorana na cije. Na ɗauki ɗan gajeren bidiyo daga sama, na jefa a zauren matasan nan na waya, ban rubuta komai a ƙasansa ba.

Ashe mutumin Kano ciyawa ya sayo a intanet, kore shar irin ta ƙasar Turawa, kuma ita ma da aka leƙo daga sama a jere take. Baƙon Kaduna ya ce idan ba a gyara ba kafin kaka zai nemi wasu. Shi ma yana cikin zauren, ya ga bidiyona, ya tambayi taubashina ko ya san mai wannan aiki.

Goggo ce ta fara zuwa, da ƙullin ƙuli-ƙuli, tana zancen zumunci. Washegari taubashin nawa ya zo, cikin farar shadda da takalmi sau ciki, yana washe baki. Ya ce, "Bawana, ashe kana da amfani. Zuba mini fayil ɗin nan a waya, ina da ganawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai sauran hoto. Hau mu je gona, yanzu za mu dawo." Na naɗe tsohuwar tabarmar Inna na ɗaure a bayan babur.

An yi ruwa da asuba, gari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta. Baba na gona da ƙannensa da 'yan ƙwadago ana maimai, gero ya kai gwiwa. Na yi wa taubashina bayani kamar malami: ba a ɗaukar hoton ƙasa a cikin rana, inuwa na ɓata shi, kuma tunda yau babu hadari dole wani ya zama hadarin. Na miƙa masa tabarma na ce ya buɗe ta sama da kansa, hannu a miƙe, kada ta motsa.

Ya dubi shaddarsa, ya dubi laka, ya dube ni. Sannan ya ɗaga.

Na durƙusa a inuwarsa da waya a hannu. Na ce matsa dama. Na ce ka yi yawa, dawo. Na ce hannunka na rawa, a sake. Muka bar wannan kunya muka koma wata, muka gangara kwari inda takalminsa ɗaya ya nutse ya fito da ƙyar. Gumi ya jiƙa masa baya, ƙurar tabarma na zuba masa a hula. 'Yan ƙwadago suka jingina da fartanya suna kallo. Ƙanin Baba ya ɗaga murya ya ce, "Kai, wane ne wannan ka samo?"

Na ce, "Baffa, sabuwar rumfa na saya. Tana tafiya da kanta, sai dai surutu."

Gonar ta ɗauki dariya, Baba har da zama a kan kunya. Taubashina ya buɗe baki zai rama, na ce kada ya yi magana, numfashinsa na girgiza inuwa. Ya rufe. Tunda nake ban taɓa jin daɗin shirun mutum kamar na ranar ba, kuma ba zan ce na ji tausayinsa ba, ko kaɗan ban ji ba.

Da na ga hannuwansa sun fara saukowa da kansu, na ce saura abu ɗaya, ya kira baƙon Kaduna ya sa a lasifika. Ya ajiye tabarma ya kira, yana haki. A gaban kawunsa Baba da kowa ya ce ƙasar da ke bidiyon aikina ce, ta farko ma shi ya nuna ta ba ta kammala ba, kuma daga yau duk zanen gem ɗin a hannuna yake. Baƙon ya ce madalla, ya nemi a ba ni wayar, muka gaisa, ya kira ni da sunana.

Muka koma gindin kuka inda babur yake. Ya zauna a kan saiwa yana kankare laka daga takalmi da tsinke. Can ya miƙo hannu ya ce, "Mu ga hotunan, ko wahalar ta yi amfani."

Na ba shi wayar. Ya buɗe, ya ja sama, ya ja ƙasa. Hoton ƙarshe na bikin sunan wata ƙanwarmu ne.

"Ina suke?"

"Babu. Aikin ya daɗe da kammala, yana gida. Ko sau ɗaya ban danna ba."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja, ya waiwaya wajen gona. Baba na tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallonmu, murmushin bai bar fuskarsa ba tukuna. Taubashina ya haɗiye abin da ya taso masa, ya buɗe haƙora, ya yi dariya. Na tsaya na kalle ta har ta ƙare, sannan na ce ya naɗe tabarmar da kyau, ta Inna ce.