Ƙyallayen Malam Gobe

Matar Gobe ake kiranta a layin teloli, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba, tunda mijinta ne ya jawo musu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago a ƙarshen layin, kuma duk wanda ya zo karɓar kekensa amsa ɗaya yake samu: a dawo gobe. Hannunsa na da kyau, wannan babu gardama, amma wajen cika alkawari sai dai a taya shi da addu'a. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Malam Gobe.

Ita ma da wannan goben ya samo ta. Tana budurwa ta kai masa kekenta, wani baƙin tsoho mai tsinka zare. Ta ce ya ba ta shaida. Ba shi da takarda, ba shi da biro, kuma ko da akwai, shi da rubutu sai hange daga nesa. Sai ya ce ta yago bakin ɗankwalinta, ya raba ƙyallen biyu, ya matse rabi a ƙarƙashin wani noti na keken, ya miƙa mata rabi. Ta dawo gobe, ta dawo jibi, ta dawo gata, har aka ɗaura aure keke na shago. Daga nan haihuwa da raino suka sha kanta. In ta tuna masa ya ce gobe, su yi dariya.

Tsarin ƙyallen kuwa ya zauna daram. Duk zanen da ya tsufa a jikinta, ita ke yayyaga masa shi, ya tafi da su shago a leda. Kowane keke da ƙyallensa, kowane mai keke da rabinsa.

Da ya rasu, bayan hankali ya ɗan kwanta, sai maganar gado ta taso. Ba wata dukiya ba ce: gidan da suke ciki, da shagon, da abin da ke cikinsa. Amma gida ba ya sauya suna sai da takardar kotu, don haka ita da babban ɗanta, wanda ake kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi, suka fara sintiri. Aka ce su kawo takardar shaidar rasuwa, suka kawo. Aka ce sunan da ke jikinta bai yi daidai da na takardar gida ba, su yi rantsuwa, suka yi. Aka ce jerin magada da shaidu biyu da hotuna. Ranar da komai ya haɗu, mai buga hatimi ya tafi asibiti, aka ce su dawo gobe. Ta gyara zama a kan bencin, ta ce wa Akawu ashe nan ma dangin ubansa ne.

Abu na ƙarshe shi ne ma'aikacin kotu ya zo ya rubuta kayan da ke shago. A nan Akawu ya yi aika-aika, kuma da kyakkyawar niyya ya yi ta, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Bai so baƙo ya ga shagon ubansa kamar bola. Ya share, ya goge, ya jera kekuna reras, sannan ya ɗauki almakashi ya bi duk tsummokaran nan ya datse, ya zuba a shara. Ma'aikacin ya zo, ya ƙirga keke ashirin da bakwai, ya tambaya ko duk na marigayi ne. Akawu ya ce ai a shagonsa suke. Aka rubuta, aka sa hannu, aka garƙame ƙofa da kwaɗo.

Sai da yamma ya karanta mata kwafin takardar, yana jiran a yaba masa. Ta san huɗu ne kawai na mijinta, waɗanda ya saya don cire kayan gyara. Sauran amanar mutane ce. Ta dubi ɗan nata, ta ce:

"Garin neman gira ka tsone ido. Ubanka yana kwance, ka ɗora masa kayan mutane a ka."

Akawu ya yi tsuru-tsuru, ya ce ai sai a gyara. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ta, don in aka raba kekunan nan a gado, mutumin da bai taɓa cin allurar kowa ba, zai tashi ranar ƙiyama da haƙƙin teloli fiye da ashirin.

Washegari ta tsaya gaban magatakardan kotun, wani dattijo mai tabarau da ba ya ɗaga kai sai dole. Ya saurare ta, ya ce abin da aka rubuta ya rubutu, sai dai akwai wa'adin kwana talatin da mai ƙorafi zai iya zuwa da rasit. Ta ce rasit ɗinsu ƙyalle ne. A nan ya ɗaga kai.

"Inna, ƙyalle fa kika ce?"

"Ƙyalle, ranka ya daɗe. A buɗe mini shagon in nuna maka."

Ko don ya rabu da ita ne, ko don bai taɓa jin irin wannan ba, ya tura ma'aikacin nan da mabuɗi. Allah ya taimake ta, almakashin Akawu bai kai ƙarƙashin noti ba. Kowane keken amana na da ɗan guntu da bai wuce farce ba, kuma duk ta gane su, tunda a jikinta suka tsufa. Magatakarda ya sa sharaɗi uku: mai keke ya kawo rabinsa, ya faɗi wata alama a jikin keken kafin ya gan shi, sannan ya rantse.

Na kusa ba su ba ta wahala ba. Tela ya san kekensa kamar ɗan cikinsa. Wannan ya ce nasa an yi masa walda a wuya, waccan ta ce nata ƙoshiyar zarensa ta aro ce. Na nesa ne suka ci mata takalmi. Wani ya bar ɗinki ya koma tuƙin mota, sai a tasha ta same shi. Wata ta rasu, 'yarta ce ta tono ƙyallen a cikin gwangwanin allurai, ta riƙe shi tana kuka. Akawu ya ɗauki hutu a ofis yana bin ta da jerin kekunan, ita kuwa ba ta ƙara tayar da maganar kuskurensa ba. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka soke keke na ashirin da biyu daga takardar.

Magatakarda ya duba takarda, ya ce saura biyar, ita kuwa huɗu ta ce na marigayi ne. Na biyar ɗin in babu mai shi, ya shiga gado.

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ƙyalle da ya koɗe har ba a gane launinsa, ta ajiye a kan teburin. Ta ce keken nata ne, baƙi, tsoho, akwai ƙuna a gefen katakonsa inda fitila ta taɓa faɗuwa. Ta rantse kamar kowa. Dattijon ya tambayi yaushe aka kawo shi gyara, don ya rubuta. Da ta faɗi shekarun, ya cire tabarau ya dube ta, sannan ya ja layi a kan lambar.

Akawu ne ya ɗauko mata keken zuwa gida, ya ajiye a tsakar ɗaki, ya ce zai nemi mai gyara. Ta ce ya bari tukuna. Ta zura zare, ta sa wani tsumma a ƙarƙashin allura, ta juya. Keken ya tafi sumul, ɗinki ya fito a jere, zare bai tsinke ba. Ta shafa ƙarfen, man da ke jiki ya biyo yatsanta, bai ko bushe ba.

Akawu ya tambaya ko yaushe Baba ya gyara shi.

"Tun ranar farko, ina jin," in ji ta. "Mai kawai yake ta zuba masa." Ta share ido da bayan hannu, ta ci gaba da juyawa.