Bitrus mai kyamis da ƙwayar da ya hana Goggo

Shekara takwas ke nan da rasuwar abokina Bitrus, mai kyamis a unguwar Shagari Lokos, kuma har yau ban yafe masa ba. Ya tafi ya bar ni da atishawa, ba mai yi mini faɗa.

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma zaman bencinsa ya mai da ni rabin likita, rabin da ba ya warkar da kowa. A bakinsa na ji cewa in jiki ya gamu da abin da ba ya so, sai ya saki wani sinadari, histamin, mai kawo ƙaiƙayi da yoyon hanci. Magungunan abin gida biyu ne. Tsofaffin, su firiton 'yar rawaya, ba su da kunya, har ƙwaƙwalwa suke kutsawa su kwantar da mutum. Sababbin, su loratadin farar ƙwaya, a zaure suke tsayawa. Shi ya sa ko limami ne ya zo, sai Bitrus ya tambaye shi, "Kana tuƙi?"

Shekarar da mutane suka gudo daga Michika saboda harin 'yan bindiga, wata tsohuwa, Goggo Asabe, ta sauka a unguwarmu. Kullum tana shagon, wai ƙaiƙayi. Bitrus ya duba hannunta, fata sumul.

"Goggo, ina ƙaiƙayin yake?"

"Kai dai ba ni 'yar rawayar nan. Farar ba ta aiki."

"Tana aiki. Barci ne ba ta sawa."

Sai ta ce in ta rufe ido dutsen da suka hau wajen gudu take gani, da mijinta da ya kasa hawa.

Ya hana ta. Ya ce a shekarunta ƙwayar za ta busar mata da baki, ta rikita mata kai, ta kayar da ita. Ta zage shi tas. Washegari ya rufe shago, ya sa na kwashe su, shi da ita, a keken hayana mai ƙafa uku zuwa asibiti. Daga baya ya ba ta gefen bencinmu, tana ɓarar gyaɗa tana ba mu labarin mijin, har wata rana muka ga tana gyangyaɗi.

Yau kyamis ya cika Jimeta, gilashi ko'ina. Ka faɗi suna a miƙo maka, ba mai duban fuskarka. Da Bitrus zai leƙo, zai yaba sababbin magungunan, sannan ya tambaya ina mutum zai zauna.

Shagonsa ya zama wurin cajin waya. Goggo kuwa ta koma Michika. Bara na aika a tambaye ta ko tana tuna shi. Ta ce, "Marowacin nan? Kullum ina sa shi a addu'a, in barci bai riga ni ba."